Madubina ya ƙi hucewa, ina neman shawara

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na'urar hangen nesan da na haɗa, madubi mai inci 8, kaurinsa milimita 25, da na fito da ita bayan isha'i sai duniyar Jufita ta yi ta rawa, layukan jikinta ba sa fitowa. Sai wajen sha biyu take daidaita. Gogar madubin ce ba ta yi ba?

Malamin kimiyya, Dambatta: Wa alaikumus salam. Da gogar ce, ai da sha biyun ma ba za ta gyaru ba. Zafi ne. Gilashin ya wuni yana shan zafi, dare ya yi iska ta huce, shi bai huce ba. Sai siririyar iska mai ɗumi ta kwanta a fuskarsa tana motsi, kamar yadda kake ganin kwalta na rawa da tsakar rana. Hasken tauraro kuma sau biyu yake ratsa ta, shiga da fita. Bambancin digiri 2 ma ya isa ya ɓata maka kallo. A ina kake ajiye ta?

Ɗan Ringim: A ɗakin kwano, Malam.

Malamin kimiyya, Dambatta: To ka gani. Mayar da ita soron ƙasa, ka fito da ita tun magariba, ka buɗe bakin bututun. Kada ka kafa ta kan siminti ko dutse, su ma suna amayar da zafi har cikin dare. Bakin gona ya fi.

Mai gyaran rediyo, Kazaure: Ƙanena, nemi fankar tsohuwar kwamfuta mai milimita 80, batirin babur yana juya ta. Sa ta a gindin bututun tana hura bayan madubin. Amma kada ka ɗaure ta da ƙusa, karkarwarta za ta bi katako ta shiga hoton. Yanko robar tiyub ɗin keke ka rataye ta a kai ta kusurwa huɗu.

Baba na Birnin Kudu: Ni jiƙaƙƙen tsumma zan ce a naɗa wa bututun, ko a sa ƙanƙara kusa.

Malamin kimiyya, Dambatta: Baba, a yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba. Ba sanyi muke nema ba, so muke madubi ya zo daidai da iskar waje. In ya fi ta sanyi sosai raɓa ta sauka masa, danshi kuma ba ya yi wa fentin alminiyon fuskarsa daɗi. Sannan da hunturu, a ƙasar nan rana kan kai digiri 30, asuba ta sauko ƙasa da 15. Iskar tana ta sauka, gilashi na bin ta a baya, don haka fankar a bar ta tana aiki, a rage gudunta kawai lokacin kallo.

Mai gyaran rediyo, Kazaure: Hunturun nan fa akwai ƙura. Ɗaura yankin gidan sauro ninki biyu a bakin fankar. Daren da hazo ya yi kauri kuwa rufe abinka ka kwanta.

Ɗan Ringim: Allah ya saka da alheri. Yaya zan gane ya huce?

Malamin kimiyya, Dambatta: Saita tauraro mai haske, ka ɗan kauce daga saiti har ya zama faifai mai baƙin ɗigo a tsakiya. In ka ga wani abu kamar hayaƙi yana tashi a hankali ta gefe guda, da saura. Kuma in za ka goga wani madubin nan gaba, kada ka zaɓi mai kauri sosai: in kauri ya ƙaru, jiran hucewa ma ƙaruwa yake yi.