Masu ɗaukar hoton sama a Katsina da Daura: wa ya taɓa kama zoben M57?

Daga Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina biyu ina farautar zoben nan, wato M57, gajimaren iska mai ƙyalli da ake gani kusa da tauraron Vega, sai daren jiya Allah ya nufa. Ruwan la'asar ya wanke sama tas, aka kuma ɗauke wuta a unguwa, sai na hau bene da na'urar hangen nesa. Hoto 90 na ɗauka, kowanne daƙiƙa 20, na haɗa su wuri guda da manhajar Siril. Da ido, ɗan zoben hayaƙi ne toka-toka. A hoto kuwa cikinsa shuɗi-kore, bakinsa ja. Har asuba ban runtsa ba.

Daga Daura: Sambarka, Malam! Ni a Disamba na fara, na sha wuya: ga hazo, ga zoben ya riga ya gangara yamma tun magariba. Lokacin kaka ya fi, ruwa ya janye, ƙurar hunturu ba ta sauko ba. A Oktoban bara na samu M27, wata 'yar uwar zoben, wadda masanin taurari Charles Messier ya gano a 1764. Ta fi zoben girma da haske, ita nake ba sabon shiga shawara ya fara da ita.

Malamar kimiyya, Ƙofar Marusa: Na nuna wa ɗalibaina hotonka, Malam, suka ce wace duniya ce wannan. Sunan ne ke ruɗa mutane. Masanan zamanin da suna kiran irinsu nebula (gajimaren iska) mai kama da duniya don sun gan su zagaye a ƙananan na'urorinsu, alhali tauraro ne mai kamar ranarmu da ya tsufa. Idan makamashinsa ya kusa ƙarewa sai ya kumbura ya yi ja, ya yi ta fesar da iskar da ke jikinsa. Ƙwayar da ta rage a tsakiya zafinta ya wuce misali, haskenta ke sa iskar nan ƙyalli. Shuɗi-koren iskar oksijin ce, jan kuma haidirojin da naitirojin. Shekara dubu goma zuwa ashirin iskar ta baje, ƙwayar ta zama farin wadan tauraro. Ranarmu ma hanyar da take kai ke nan, bayan shekara wajen biliyan 5.

Daga Ƙofar Ƙaura: Na gode, Malama. Ɗigon tsakiyar ya fito a nawa, da ƙyar. Da na ji hasken ya yi shekara sama da 2,000 a hanya sai da jikina ya yi sanyi.

Daga Dutsin Safe: Yayyena, ni waya kawai gare ni, na ɗora ta bakin na'urar aro, hoton duk ya ja layi. Mazauni mai bin juyawar sama ne ba ni da shi. Idan za ku sake hawa benen bayan isha'i, ku kira ni, zan zo da shayi.