Neman kalma: me za mu kira "duty" ɗin Nelson da Hausa?

1/
Jama'a, kalma nake nema. Bature yana da wata 'yar gajeriyar kalma mai haruffa 4, duty. Duk inda aka ba da tarihin Horatio Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Ingila da aka kashe a yaƙin Tarafalga ranar 21 ga Oktoba 1805, sai ta fito sau biyu: a saƙon da ya aika wa rundunarsa kafin a fara wuta, da kuma a maganar da ya yi ta nanatawa yana gargarar mutuwa. So nake mu tsayar da kalmar Hausa ɗaya da za ta zauna daram a wuraren biyu. Zaren zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

2/
Mu fara share hanya. Ba dutin da ma'aikaciyar jinya ke cewa "yau ina dutin dare" nake nufi ba. Wannan mun ara, ta zauna, kuma lokacin aiki kawai take nufi. Ba kuma wanda ake biyan kwastan ba, shi sunansa kuɗin fito. Abin da nake nema shi ne wanda ke sa mutum ya tsaya inda aka ajiye shi alhali ƙafarsa na son gudu.

3/
Ga yadda aka yi. Jiragen Ingila 27 suka tunkari na Faransa da Sifaniya 33 a gaɓar kudancin Sifaniya, ba nisa da Kadiz. Jiragen lokacin iska ke tura su, iskar ranar kuwa ba ta da ƙarfi, sai aka shafe sa'o'i ana tafiyar hawainiya, kowa na kallon bakin igwar abokin gaba yana matsowa. Babu rediyo a 1805. Da tutoci jirgi ke yi wa jirgi magana, bisa wani littafin lambobi da wani hafsan ruwan Ingila, Home Popham, ya tsara. Kalmar da ke cikin littafin tana da lambarta, ɗagi ɗaya ya wadatar. Wadda babu, sai an bi ta harafi bayan harafi.

Wajen ƙarfe 12 saura kwata aka fara ɗaga saƙon daga jirgin Nelson, mai suna Victory: England expects that every man will do his duty. Kalmomi 8 na farko kowacce da lambarta. Ta ƙarshen, wadda muke kokawa da ita yanzu, ba ta cikin littafin. Sai da aka ɗaga D, aka sauke, aka ɗaga U, sannan T, sannan Y. Ɗagi 12 gaba ɗaya. Rundunar da ta fi kowa tinƙaho da kalmar ba ta ma tanadar mata lamba ba.

4/
Akwai kuma wani abu da zai yi mana amfani can gaba. Ba expects Nelson ya fara cewa ba, confides ya ce, wato Ingila ta sakankance, ta amince. Hafsan tutocinsa, Laftanar John Pasco, shi ya ba da labarin daga baya: ya roƙi izinin musanya kalmar domin expects tana cikin littafi, confides kuwa sai an bi ta harafi-harafi, ga shi Nelson na gaggawa saboda yana da sauran saƙo guda na a matsa kusa da abokan gaba. Nelson ya ce ya yi. Ƙarancin lokaci ya mayar da maganar yarda ta koma kamar ta shugaba mai jiran a cika masa umarni.

Mu dai ba mu da matsala a nan. "Sa rai" ta fi expects taushi, kuma hakan ya ma fi kusa da abin da mutumin ya so faɗa tun farko. Na bar ta: Ingila na sa ran...

5/
To, sa ran me? Na ga amsoshi sun fara shigowa, kuma mafi yawa "aiki" ne: kowa zai yi aikinsa. Ba kuskure ba ne. Amma ku kai ta ɗaya wurin ku gani. An harbi Nelson daga saman jirgin Faransa mai suna Redoutable wajen ƙarfe 1 da kwata, harsashin ya shiga ta kafaɗar hagu ya karya ƙashin baya. Aka sauke shi ƙasan jirgi inda likita William Beatty ke fama da masu rauni, ya yi kusan sa'a 3 a can kafin rai ya yi halinsa. Beatty ya rubuta cewa ya yi ta cewa: Thank God I have done my duty. Idan muka ce "na gode Allah na yi aikina", sai ka ji kamar magini ya gama jera bulo yana jiran a sallame shi. Kalmar ta yi wa wurin kaɗan.

6/
Wani malami ya rubuto, cikin ladabi amma da ƙarfi, cewa "wajibi" ita ce fassarar, a daina wahala. Allah ya gafarta Malam, na san yawancin masu fassara ita suke ɗauka, kuma ba zan ce launin addinin da ke jikinta ya hana ta ba. Nelson ɗan limamin coci ne, a ƙauyen Burnham Thorpe aka haife shi a 1758, kuma da safiyar yaƙin sai da ya zauna ya rubuta addu'a a littafinsa. Abin da ya dame ni daban ne. Wajibi hukunci ne: an yi a sami lada, an bari a sami zunubi, kuma an riga an yanke iyakarsa. Na Nelson bai da iyaka yankakkiya, zan nuna dalili a lamba 8.

Shi kuma ɗan'uwan da ya kawo "na gode Allah na sauke farali", Allah ya saka da alheri, ka ba ni dariya. Da wannan fassarar mun mayar da Nelson Alhaji.

7/
"Hakki" fuska biyu gare ta. Ka ce wa matuƙin jirgi kowa da hakkinsa, albashi zai miƙo hannu ya karɓa. "Alhaki" kuwa ta karkata wajen laifi, shi ya sa kullum a labarai ake "ɗaukar alhakin kai hari", kuma shi ya sa aka ce alhaki kwikwiyo ne. "Ɗawainiya" da "hidima" na gida ne da biki. Na wuce su.

8/
Ga ma'aunin da nake so a gwada kowace kalma da shi. A 1801, a yaƙin Kopenhagen, babban birnin Danmak, Nelson ba shi ne babba ba, yana ƙarƙashin Hyde Parker. Da wuta ta yi wuta, Parker ya ɗaga tutar a janye. Nelson ya ƙi. Labarin da ya shahara shi ne ya ɗora madubin hangen nesa a idonsa na dama, wanda ya daina gani tun raunin da ya samu a Kosika a 1794, ya ce shi fa bai ga wata tuta ba. Ya ci gaba da yaƙi har aka kai ga tsagaita wuta, kuma ba a jima ba aka kira Parker gida aka ba Nelson rundunar.

A idon soja, bin umarnin na gaba wajibi ne. Nelson ya take shi, amma a wajensa bai saɓa wa duty ba, cika ta ya yi. Haka ya koya wa kyaftin-kyaftin ɗinsa. A takardar tsarin yaƙi da ya rubuta musu ranar 9 ga Oktoba 1805, ya ce idan an kasa ganin tutoci ko gane su sosai, kyaftin ɗin da ya jera jirginsa gefe da gefe da na abokin gaba bai yi wani babban kuskure ba. Ma'ana: ka san abin da aka kawo ka yi, kada ka tsaya jiran a faɗa maka. Duk kalmar da za mu ɗauka, sai ta iya ɗaukar mutumin da ya ƙi umarni kuma ya cika ta a lokaci guda. Biyayya ta faɗi a nan. Wajibi ma ta yi tangal-tangal.

9/
Abin da na tsaya a kai shi ne "nauyi", tare da abokin tafiyarta, "sauke".

Ingila na sa ran kowa zai sauke nauyin da ke kansa.
Na gode Allah, na sauke nauyin da ke kaina.

Ku karanta ta biyun da ƙarfi. Ba sabuwar magana ba ce a kunnen Bahaushe. Ita muke yi wa wanda aka naɗa: Allah ya ba shi ikon sauke nauyin da aka ɗora masa. Ita uba ke faɗa idan ya aurar da 'yar autarsa. Kuma ta tsallake ma'aunin Kopenhagen lafiya lau, domin mai nauyi a ka shi ya san inda yake danne shi, ba wanda ke tsaye daga nesa yana ɗaga tuta ba.

Wata yaya ta ce nauyi abu ne da mutum ke ɗokin rabuwa da shi, Nelson kuwa nemansa yake yi: mutumin da ya rasa hannun dama a Tenerif a 1797 amma shekara na zagayowa ya je ya ragargaza jiragen Faransa a gaɓar Masar. Yaya, maganarki tana kan hanya. Sai dai ki tuna muna da "jin nauyi". Wanda kake jin nauyinsa ba kaya ba ne a kanka, kunyarsa kake ji, ba ka son ya ga gazawarka. Wannan ɓangaren na kalmar shi ya fi kama da mutumin. Yana tsaye a saman jirgi da taurarin girmamawa ɗinke a ƙirjin rigarsa, inda kowane mai bindiga zai gane shi.

10/
A kula da abu ɗaya wajen rubutawa. Kada a gajarce a ce "kowa zai sauke nauyinsa". Nauyinsa na iya zama nauyin jikinsa, ko na ciyar da shi, kamar yadda ake cewa wane ya ɗauki nauyin wane. Sai an ce "nauyin da ke kansa" ko "da ya rataya a wuyansa".

11/
Wani dattijo ya tambaya: su waɗanda ke ƙasan jirgi suna ɗura igwa, su ma nauyi ne ko tilas? Baba, tambayar ta yi. Rundunar ruwan Ingila ta lokacin tana kama mutane da ƙarfi a tashoshin jiragen ruwa ta zuba su aiki, kuma a cikin Victory kanta akwai 'yan ƙasashe da dama, har da baƙaƙen fata. A jikin ginshiƙin Nelson da ke Landan, a zanen tagulla na mutuwarsa, akwai baƙin matuƙi riƙe da bindiga. Ga wanda aka kamo, tilas ce, ita kuwa ba ta rasa ɗakin kwana. Amma mu maganar Nelson muke fassarawa, ba ta wanda aka kamo ba. Kuma "nauyi" ba ta ɓoye komai: akwai wanda ka ɗauka da kanka, akwai wanda aka ɗora maka.

12/
Saura "amana", wadda mutane da yawa suka kawo, ni ma ta ja ni. Tana da hujja. A ƙarshen addu'ar nan ta safiya, Nelson ya ambaci abin da aka damƙa masa ya kare, ga kuma confides da ya so ɗagawa. Amma amana ita ce abin da aka ba ka, nauyi shi ne abin da ya hau kanka saboda ka karɓa. Mu ajiye ta wa confides.

Tun da an zo kan amana: a wannan safiyar dai ya ƙara wani sashe a wasiyyarsa, Hardy, kyaftin ɗin Victory, na cikin shaidu, inda ya bar wa sarki da ƙasa kula da Emma Hamilton, matar da ta haifa masa 'yarsa Horatia ba tare da aure ba. An yi masa jana'izar ƙasa a cocin St Paul a Janairun 1806, an ba ɗan'uwansa sarauta da dukiya. Emma ta mutu cikin bashi a garin Kale na Faransa a 1815.

13/
Kada kuma kalmar ta sa mu ɗauka waliyyi muke fassarawa. Nauyin Nelson na sarkinsa ne da ƙasarsa, iyakarsa ke nan. A Napoli ta ƙasar Italiya a 1799 ya sa hannu aka rataye Francesco Caracciolo, hafsan ruwan da ya juya wa sarkin Napoli baya ya bi 'yan jamhuriya, bayan shari'ar gaggawa. A 1805 ya rubuta wa wani mai gonakin rake a Jamaika wasiƙa yana sukar William Wilberforce, jagoran masu neman a hana cinikin bayi. Wannan ma dalili ne da ya sa ban so "wajibi" ba. Idan mai karatu ya ga wajibi, zai ji kamar mun sa wa abin hannu. Nauyi kuwa ba ta ce daidai ne ko ba daidai ba, ta ce dai yana kansa.

14/
Masu son a ƙirƙiro gajeriyar kalma don kanun labari sun kawo "nauyin wuya" da "nauyin kai". A'a. Muna da nauyin baki da nauyin jiki, duk ba yabo ba ne, kuma nauyin wuya sai a ce a kai mutum asibiti. A kanun labari "sauke nauyi" ta isa.

15/
Inda aka tsaya: duty irin ta Nelson ita ce nauyin da ke kan mutum, yin ta kuwa sauke nauyi. Malam bai janye wajibinsa ba, ya ce a rubutun shari'a da na dokokin aiki ita za a sa, kuma a can na bi shi. Masu tambayar muƙaminsa, ko a ce Admiral ko a nemo ta gida, ku fara tunani. Kalmar daga Larabci Turawa suka samo ta, daga amir. Sarkin Ruwa dai yana da masu ita a Argungu, kada wanda ya kawo min ita.