Taƙaitawa: yadda kifi ke samar da sinadarin taurin a jikinsa

Ga abin da aka tattara daga wata doguwar tattaunawa kan taurin (taurine, wani sinadari mai kama da amino asid, wato tubalin furotin): yadda jikin kifi ke haɗa shi, da ko sai an ƙara shi a abincin kifin kiwo.

1. An yi ittifaƙi cewa akasari a hanta ake haɗa taurin: metiyonin ya koma sisteyin (dukansu amino asid ne), enzayim CDO (enzayim furotin ne mai hanzarta sarrafa sinadarai a jiki) ya sarrafa shi, sannan wani enzayim, CSAD, ya mai da shi sinadarin haifotaurin, daga nan sai taurin. CSAD ba ya aiki sai da bitamin B6.

2. Ƙarfin CSAD ya bambanta daga kifi zuwa kifi. Karfasa na iya haɗa nata gwargwado, amma kifayen teku masu cin nama, irin su tuna, nasu rauni gare shi, dole su samu a abinci.

3. Jiki na riƙe taurin ta hanyar furotin TauT, mai shigar da shi cikin ƙwayoyin jiki, wanda ke dogaro da sodiyam da kulorayid (sinadaran gishiri). Da taurin ƙwayoyin jiki ke daidaita ruwa idan gishirin ruwan ya canza, shi ne kuma ke haɗuwa da ruwan matsarmama don narkar da kitse.

4. Inda ake samun matsala: waken soya ba shi da taurin, garin kifi kuwa yana da shi. Idan aka maye gurbin garin kifi da waken soya a abincin kifi ba ƙarin taurin, girma ya tsaya, hanta ta yi kore a wasu kifayen.

5. An rabu kan ko ƙarin metiyonin a abincin zai magance wannan. Wasu sun ce ya wadatar, mafi yawa suka ce ga kifin da CSAD ɗinsa ke da rauni, taurin ɗin kansa za a zuba. Sun kuma ja kunne cewa taurin yana narkewa a ruwa, kada abincin ya daɗe ba a ci ba.