Abin da zuciya ke ji a tahajjud, hujja ne cewa akwai Allah?

Ɗan Kwarbai: Salam jama'a. Ni fa ina nan kan bakana, abin da mutum yake ji a goman ƙarshe na azumi, ƙarfe biyun dare liman na jan aya ka ji tsigar jikinka ta tashi hawaye na zuba baka ma san sanda suka fara ba, wannan kaɗai ya isa hujja cewa akwai Allah. Wanda ya ɗanɗana baya buƙatar dogon turanci.

'Yar Samaru: Yaya ban ƙi ta taka ba, nima ina jin hakan wlh. Amma hujja ga wa? Leƙa Wusasa ranar Lahadi kaga tsohuwa Bahaushiya Kirista tana kuka a coci tana cewa ta ji Ubangiji a zuciyarta, ga ɗan bori shima yace hawa akai, to duk cikinsu wa zaka ƙaryata tunda kowa da zuciyarsa ya ji?

Ɗan Kwarbai: Ai ƙanwata kin taya ni ne. Duk sun haɗu akan akwai wani sama da mu, fiɗira kenan, wato sanin Mahalicci da aka halicci mutum da shi. Saɓanin a waye Shi ne, ba a samuwarSa ba.

Ɗalibin likita: Ku bari in sa baki. Akwai nau'in farfaɗiya da ke tasowa daga gefen ƙwaƙwalwa daidai saitin kunne, wasu masu ita suna jin kamar wani na tsaye kusa dasu ko wani irin natsuwa mai ƙarfi. A Amurka ma wani likita mai bincike, Andrew Newberg, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata masu zaman ibada na Katolika da mabiya Buddha suna tsaka da ibada, yaga aikin wasu sassa yana canzawa. Ni musulmi ne alhamdulillah, amma in wanda bai yarda da Allah ba ya kawo min wannan me zan ce masa?

Ɗan Kwarbai: Likita ce masa ganin ido ma a ƙwaƙwalwa yake ƙarewa, in an ɗauki hoton kanka kana kallon dutsen Kufena za'a ga wani sashe na aiki, wannan ya nuna babu Kufena kenan?

'Yar Samaru: Kufena kowa zai iya zuwa ya dafa shi da hannu ai Yaya

Malam na Tudun Wada: Yarana a yi a hankali. Malamai basu raina wannan abu ba ko kaɗan. Imamu Gazali ya bar kujerar karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, bayan harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, daga baya yace a wani shakku da ya taɓa shiga tun kafin nan, yaƙininsa ya dawo ne da wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa ba da jeranta hujjoji ba. Shehu Usmanu ma ya faɗi yadda ya ga Sidi Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya a 1794, amma da zai kira mutane aya da hadisi ya riƙa kawowa. Kuma Annabi (SAW) ya raba mafarki uku, na Allah, na shaiɗan, da zancen zuci. Kenan abin da aka ji sai an auna shi. Ku duba Suratul Gashiya, da Allah zai kafa wa masu musu hujja raƙumi ya nuna musu, da sama, da duwatsu, da ƙasa, abin da kowa ke gani da idonsa.

Ɗan Kwarbai: Allah gafarta Malam na ji, amma a Ankabut aya ta 65 fa? In suka shiga jirgin ruwa Allah kaɗai suke kira. Ni naga irin haka a hanyar Kaduna, motarmu ta ƙwace da daddare, wani da ya wuni yana mana musun addini shine ya fi kowa ɗaga murya da salati, wa ya koya masa a wannan daƙiƙar?

'Yar Samaru: Ƙarasa ayar mana Yaya, da aka tsirar dasu zuwa tudu sai gasu suna shirka. Shi mutumin naku da kuka iso Zariya lafiya, ya bi ku masallaci da asuba?