Musayar waƙa kan littafin lissafi na yara

Maman Biyu:
Salam jama'a, yau a waƙe na kawo kukana, duk mai amsa ya amsa a waƙe don Allah

Yarona in an ce lissafi sai ya ɓata rai,
Littafin babu hoto, lambobi ne zube kawai.
Amma ba shi ɗari biyar ka aike shi shago,
Canji daidai yake kawowa, nan fa ba ya zama rago.
Ina littafin da zai ja shi ya zauna,
Ya karanta da dariya, ya ƙirga da murna?

Malamin Aji Uku:
Hajiya kin sosa min inda yake ƙaiƙayi,
Biyu sau biyu huɗu, haddar kawai ake yi.
A zana musu dara, gida talatin a shafi,
Shida sau biyar kenan, ai an shiga lissafi.
'Ya'ya sha biyu-biyu, kowa ya jera nasa,
Gida nawa ya rage? Yaro zai gano da kansa.

Baba Na Katsina:
Malam ka yi daidai, bari in ƙara da namu na gida wanda wallahi yaranmu da yawa ko sunansa ba su taɓa ji ba kuma abin na damuna

Muhammadu Al-Katsinawi, babban malami,
A 1732 ya yi littafi a kan hatimi.
Gida tara, ɗaya zuwa tara, sa biyar a tsakiya,
Tsaye, kwance, a karkace, sha biyar ne gaskiya.
A buga shi da launi a ba jikokina,
Su san lissafin nan ba baƙo ba ne a garina.

Alhajin Kwari:
Baba a gafarce ni, ni fa ina da ja,
Littafi mai launi tsada, takarda ta yi daraja.
Kuma jarabawa da Turanci ake yin ta,
In ya saba da Hausa, ya zai yi ran rubuta ta?

Malamin Aji Uku:
Alhaji, yaron da ya raba rake gaɓa-gaɓa,
Ya gane rabi da kwata, Turanci ba zai gagare shi ba.
Tsada kam gaskiyarka, sai iyaye su haɗa kuɗi,
Littafi ɗaya yara biyar, ai benci na da faɗi.

Anti Mai Zane:
To ni zane na iya, ku rubuta in zana muku kyauta, ga ma shafin farko

Mai fito da kura da akuya da damin dawa,
Ɗaya-ɗaya jirgin ke ɗauka, wa zai fara ƙetarwa?

Malam kar ka amsa, kai wa 'yan ajinka gobe mu ji me za su ce