Kwamitin sa ido ko 'yan sa ido?

Injiniya: Jama'a, wallahi na gaji. Wata uku ke nan ina jiran kwamitin sa ido ya zauna ya amince da ƙarin kuɗin ajujuwa biyun nan da ƙungiyarmu ke ginawa. Tun a Fabrairun 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000 kasafinmu ya tashi aiki. Gini ya kai linta, ga damina a bakin ƙofa. Kwamitin da ba ya zama, meye amfaninsa?

Ma'aji: Injiniya, gyara kalamanka. Mu kwamitin jagoranci ne. Sa ido aikin magulmata ne.

Sakatare: Ranka ya daɗe, a takardar taron farko "sa ido" aka rubuta. Ni na rubuta.

Ma'aji: To kai ka yi kuskuren.

Malama: Ai ba abu ɗaya ba ne. Mai jagoranci shi ke amincewa da kasafi, ya yanke hukunci idan za a sauya tsari ko a ƙara kuɗi, ya raba gardama tsakanin masu aiki da masu ba da gudummawa. Ba ya zuwa kasuwa sayen rodi. Ko a AGILE, shirin ilimin 'yan mata na Bankin Duniya, kwamitin jagoranci daban, ofishin aiwatarwa daban.

Autan aji: Anti, Bankin Duniya kuma? Mu da muke karo-karon dubu biyar-biyar!

Alhaji Babba: Yaro, ba a sa wa manya baki. Da muka kafa ƙungiyar nan kana firamare.

Autan aji: Allah ya ba da haƙuri, Baba. Amma 'yan ajinmu ne suka fi kowa biya, kuma ko mutum ɗaya ba mu da shi a cikin 'yan kwamitin nan su bakwai.

Ma'aji: Wa ya ce kun fi biya? Kawo rasit.

Autan aji: Ai littafin yana hannunka.

Sakatare: Ni dai har gobe sa ido ne. Wanda ya ba da kuɗinsa dole ya sa ido. Ranar da aka sauke yashi ba Ma'aji ne ya tsaya yana ƙirga tifa ba?

Ma'aji: Wucewa na zo yi!

Malama: Wucewar awa biyu?

Alhaji Babba: Zamanin da muka gina masallacin makaranta babu wani kwamiti. Mutum uku ne da amana.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: kowa ya yarda kwamitin jagoranci ne, kamar yadda Ma'aji ya faɗa, kuma muna ƙoƙari daidai gwargwado. Matasa a riƙa girmama na gaba. Sakatare ya gyara takarda. Na rufe maganar.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ranar zaman fa? Kafinta ya kira ni sau uku yau.