Malami ya yi ritaya ba a kawo wani ba: ya kuke yi a sashenku?

Malamar Lissafi, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina son jin ta bakin malamai da ma'aikatan kwalejojin horar da malamai. A sashenmu manya sai ajiye aiki suke yi, wasu sun cika shekara 65, wani kuma yana gama digiri na uku jami'a ta ɗauke shi. Darussansu aka raba mana, kujerunsu kuwa har yau babu kowa. Ya kuke yi a naku wuraren? Ba sai an kama sunan kwaleji ba.

Lakcaran Kimiyya, Samaru: Wa alaikumus salam, Malama. Lacca da sauƙi, a haɗa aji biyu a zaure ɗaya a wuce. Inda abin ke fitowa fili shi ne koyarwar gwaji ta 'yan shekara ta uku. Ɗalibai sun warwatsu daga Sabon Gari zuwa Giwa, Soba da Maƙarfi, kuma ƙa'ida ce a zauna a bayan aji a ga yadda kowanne ke koyarwa, a duba tsarin darasinsa, a gyara masa. Bara na isa wata firamare bayan Shika ana shirin tashi. Yarinyar da na je dubawa ta shirya darasi mai kyau, har da kayan koyarwa da ta haɗa da kwali. Ban ga ko rabinsa ba, don akwai wasu suna jirana a wata makaranta. Na ba ta maki, amma raina bai kwanta ba.

Ma'aikacin Rajista, Gyallesu: Malamai, ku yi mana adalci, ba a ofishinmu takardun neman ɗaukar sabbin malamai suke maƙalewa ba. A kwalejin tarayya shugaba ba ya wayar gari ya ɗauki mutum. Shugaban sashe ya rubuta, a kai kwamitin ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma, majalisar gudanarwa ta amince, a samo izini daga Abuja, a tabbatar akwai kuɗin albashin a kasafi, sannan a cika sharaɗin raba daidai tsakanin jihohi. Ni na haɗa jerin guraben da hannuna. Kafin amsa ta dawo, wasu ma sun bi sahun masu ritayar. Mu ma fa haka muke, mai buga takardunmu ta tafi, ni nake yi.

Malamar Lissafi, Tudun Wada: Allah ya huci zuciyarka, Malam. Mun san ba kai ba ne.

Malamin Wucin Gadi, Kofar Doka: Ni a kwaleji mai zaman kanta nake, kuma can ba a jiran izinin kowa sai na mai makaranta. Lokacin da masu tantancewa za su zo, sai ga ɗakin malamai ya cika da fuskokin da ban taɓa gani ba, kowa da fayil da sunansa a ƙofa. Baƙi na tafiya, su ma suka tafi. Malaman aro ke nan. Mu da muke riƙe da azuzuwan ana biyanmu ne gwargwadon darasi, hutu ya zo babu ko sisi.

Tsohon Malami, Kongo: 'Ya'yana, na karanta duka. Kwalejin horar da manyan malamai ta Zariya tun 1962 aka buɗe ta, hukumar NCCE mai sa ido kan kwalejojin horar da malamai kuwa sai 1989. Mu da muka yi karatu kafin nan, malami yakan karɓi littafin tsarin darasinka ya bi shi layi-layi da jan biro. Hakan ba ya yiwuwa sai ɗalibai daidai ƙarfin malami. Ku tuna 2017, da gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare sama da 21,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Kowa ya zagi malaman, kaɗan ne suka tambayi mutum nawa suka duba su ranar koyarwar gwajinsu.

Shugabar Sashe, Wusasa: Gaskiya ne, Baba. Abin da ya ɗan rage mana nauyi: muka daina raba ɗalibai ta jerin sunaye, muka koma rabawa ta hanya. Mai bin hanyar Funtuwa ya ɗauki duk na can, mai bin ta Jos haka. Muka kuma roƙi hedimastoci su ba kowane ɗalibi gogaggen malami da zai riƙa zama a ajinsa yana rubuta mana abin da ya gani. Sai dai ƙananan lakcarori ne ke shan wahala, don ƙarin girma na neman takardun bincike, mai yini a hanya kuwa yaushe zai zauna ya rubuta?

Lakcaran Kimiyya, Samaru: Hajiya, hedimastocin sun yarda ba tare da an ba su wani abu ba? Namu cewa suka yi su ma malaman ba su ishe su ba.